“Ina gajiya? Ba gajiya”: ciwon da ma'aikaci da ɗan kasuwa suke ɓoyewa

Duk Bahaushen da ya gai da ɗan uwansa, daga ina kwana sai ina gajiya. Amsar kuwa ɗaya ce tun daga Dogon Dutsi har Gure: ba gajiya. Ko mutum ya kwana a tsaye, ko ya kwana yana juyi bisa gado yana lissafin bashi, al'ada ba ta yarda ya ce akwai ba. Wannan ladabi ne mai kyau, ba kuma wanda zai so a bar shi. Amma fa, jama'a masu karatu, a bayan wannan amsa akwai magidanta da yawa, maza da mata, a birorin gwamnati da lakkol da gidajen likita da rumfunan kasuwa, waɗanda gajiyarsu ta wuce ta jiki. Suna tashi, suna zuwa aiki, suna kai cefane gida, ana gaisawa da su ana dariya, alhali kuwa a cikin ransu ba abin da ya rage. Ba su jin daɗin riba, ba su jin zafin asara, sallah da ranar aiki duk ɗaya ne a wurinsu.

A ƙasarmu irin wannan mutum suna uku yake samu. In shugabansa ne ya dube shi, ya ce malalaci ne. In danginsa ne, su ce jifa ne ko iska. In abin ya yi tsanani har ya fito fili, a ce ya taɓu. Tsakanin lafiya lau da hauka tuburan akwai fili mai faɗi da ba mu raɗa wa suna ba, kuma a cikin wannan fili ne mafi yawan masu wahalar suke zaune. Abin da wannan shafi yake so ya nuna shi ne, wannan hali sananne ne, yana da dalilai, kuma yana da magani muddin an tare shi da wuri.

Gajiya iri biyu ce

Akwai gajiyar manomi da ya yini a gona, ko ta ɗan dako da ya sauke kamyo. Wannan barci ɗaya da tuwo mai zafi suna kore ta. Akwai kuma wadda mutum yake kwana da ita ya tashi da ita, ya yi hutun Asabar da Lahadi, ranar Litinin ya same ta tana jiransa a bakin biro. Ita ce da Faransanci ake kira épuisement professionnel, mu kuma a nan za mu kira ta gajiyar rai.

A shekarar 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Herbert Freudenberger, wanda yake aikin sa-kai a wani gidan likita na kyauta a birnin Niyok na Amurka, ya rubuta abin da ya lura da shi ga abokan aikinsa. Mutane ne da suka shigo aikin da himma, suna ba da dare da rana don taimakon masu shan ƙwaya. Bayan kamar shekara guda sai ya ga sun canza: saurin fushi, ciwon kai, rashin barci, da ƙyamar mutanen da suka zo don su taimaka musu. Abin mamakin shi ne, mafi ƙwazo a cikinsu su ne suka fi saurin faɗawa. Daga baya wata malamar jami'a a Kalifoniya, Christina Maslach, ta zurfafa bincike, har a 1981 ta fito da wasu tambayoyi da ake auna wannan hali da su.

A watan Mayu na 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta bayyana ma'anarsa a cikin sabon kundinta na rarraba cututtuka. Ba ta sa shi a layin cuta ba. Ta ce hali ne da matsin aiki mai tsawo yake haifarwa idan ba a shawo kansa ba, kuma alamunsa uku ne. Na farko ƙarewar ƙarfi. Na biyu mutum ya nisanta daga aikinsa, ya riƙa kallonsa da raini ko ƙyama. Na uku aikin ya daina fita daga hannunsa yadda ya saba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa layi a wani ofishi ya ga alama ta biyu da idonsa. Ma'aikaciyar jinya da ta fara aiki da tausayi, yau ba ta ɗaga kai ta dubi mara lafiya. Mushe da ake yabo a gari, yau yakan cika allo da rubutu ya fita ya zauna gindin bedi. Mai kanti da ya san sunan kowane abokin ciniki, yau yaro ya bar wa komai. Muna saurin cewa halinsu ne ya ɓaci. Wani lokaci haka ne. Sau da yawa kuwa fitila ce kananzirinta ya ƙare, lagwani ne yake ci.

Daga ina nauyin ya fito

Maslach da abokin bincikenta Michael Leiter sun ƙidaya abubuwa shida da ke jawo wannan hali a wurin aiki: yawan aiki fiye da ƙima, rashin ikon yanke shawara a kan aikin da mutum ke yi, rashin sakamako, lalacewar zumunci tsakanin abokan aiki, rashin adalci, da tilasta wa mutum yin abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba. Ma'aikacin gwamnati na Nijar zai iya ɗaukar wannan jeri ya duba wanne ne bai ɗanɗana ba.

Manya ba su manta da shekarun 1990 ba. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo, ga kuma albashi yana yin watanni bai fito ba. Ma'aikaci ya koyi cin bashi wurin mai kanti da mai haya, ya koyi ɓuya idan an yi sallama a ƙofar gida. Daga ƙarshen waɗannan shekaru aka koma ɗaukar malaman kwantaragi, har suka zama su ne mafi yawa a lakkol na firamare, da kuɗin da bai kai albashin ma'aikacin dindindin ba, wanda kuma sau da yawa yakan makara. A ɗauki mutum a kai shi ƙauyen da bai san kowa ba, a ba shi ajin zana cike da yara, ya bar iyali a birni, sa'an nan ya riƙa zaman jiran kuɗin da bai san ranar zuwansu ba. Abin da ya fi cin rai a nan shi ne rashin sanin gobe, ya ma fi ƙarancin kuɗin kansa.

Ɗan kasuwa ba shi da shugaba, amma yana da iyaka. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗewa ba sai Disamba 2020, ga kuma annobar korona a tsakani. Alhazan Maraɗi, da masu bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, da na Ƙonni da Magarya, sun san abin da wannan ya ci musu. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga juyin mulki na 26 ga Yuli 2023 da takunkumin CEDEAO, wanda ba a ɗage ba sai Fabrairu 2024. Kayan da suka saba shigowa ta Kwatano suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, da ƙarin kwanaki da ƙarin kuɗi da ƙarin haɗari. A cikin 2023 ɗin nan kuma naira ta faɗi ƙwarai, wanda ya kai dabbobi ko wake Nijeriya ya dawo ya canza kuɗinsa ya ga jari ya ragu yana kallo. Mutumin da ya karɓi kaya bashi bisa amana, ba takarda sai sunansa, shi ya san irin daren da yake yi idan kayan suka maƙale a hanya.

A kan wannan sai a ɗora nauyin gida. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, masu albashi kuwa kaɗan ne ƙwarai. Saboda haka kowane albashi da kowace rumfa akwai bakuna da yawa a bayansu: mata da ƴaƴa, tsofaffi a ƙauye, ƙanne a lakkol, takardar magani, suna, biki, ragon layya, hatsin bazara. A da sai an samu mai zuwa birni ko an rubuta wasiƙa. Yau salula tana aljihu, buƙata tana iso mutum ko da tsakar dare, ba kuma zai ce babu hanyar aikawa ba. Mace ma'aikaciya tata ta fi yawa, domin in ta tashi daga biro aiki na biyu ne yake jiranta a gida, ba wanda yake ƙidaya shi.

Jiki magayi

Idan mutum ya gamu da abin tsoro, jikinsa yakan saki wasu sinadarai, cikinsu har da adirenalin da kotizol. Zuciya ta ƙara bugawa, jini ya hau, sukari ya ƙaru a jini, ido ya bushe da barci. An halicci wannan shiri don haɗarin ɗan lokaci, kamar kare ya biyo mutum. Bashi da matsin aiki kuwa ba su tafiya bayan minti goma. Idan jiki ya zauna cikin wannan hali wata da watanni, sai ya fara kai ƙara ta hanyarsa: ciwon kai, nauyin wuya da kafaɗu, zafin ciki, faɗuwar gaba, mantuwa, rashin sha'awar iyali, da farkawa ƙarfe uku na dare ba komawa. Mutum ya yi ta shan maganin masassara da na ƙarin jini, ba sauƙi.

A 2021 OMS da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato OIT, sun fito da wani ƙiyasi da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya ji. Sun ce a shekarar 2016 mutum 745.000 ne suka mutu a duniya da shanyewar jiki ko ciwon zuciya saboda yin aikin awa 55 ko fiye a mako. Wanda yake irin wannan aiki, haɗarin shanyewar jiki a gare shi ya fi na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100. To, wanda yake buɗe rumfa ƙarfe bakwai na safe ya rufe bayan magariba, kwana bakwai a mako, ya yi nasa lissafin.

Abin da ya fi muni shi ne maganin da mutane suke nemar wa kansu. Shayi mai ɗaci da kofi da goro tun safe har dare, sa'an nan ƙwayar barci daga tiren mai talla. Sai kuma tramol, wadda ta daɗe da wuce ƴan kabu-kabu da ƴan dako ta shiga gidajen mutunci. Asalinta maganin ciwo ce mai ƙarfi, likita yakan ba da ta miligiram 50, kuma ba a wuce 400 a yini. Wadda ake fasa-ƙwaurinta ana samun ta 200 da 225 a ƙwaya guda. Takan ba mutum ƙarfin aro na ƴan awoyi, daga baya ta kama shi, ba ya iya motsi sai da ita, kuma takan jawo farfaɗiya. Wanda ya shiga don ya kori gajiya yakan fito da ciwo biyu.

Inda gajiya ta ƙare, ciwo ya fara

Wajibi ne a bambanta abu biyu, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Gajiyar rai tana ɗaure da aiki. Idan aka rage nauyin, ko mutum ya samu hutu na gaske, ko aka canza masa wuri, yakan fara dawowa. Ya je ƙauye ya yi mako biyu, sai a ji dariyarsa ta da. Akwai kuma ciwon damuwa mai tsanani, wanda likitoci suke kira dépression. Shi wannan ciwo ne sosai, kuma yana bin mutum duk inda ya je. Gajiyar rai da aka yi wa sakaci tana iya kai mutum gare shi, haka nan rasuwa ko karayar arziki ko mutuwar aure, wani lokaci ma yakan zo ba tare da wani dalili na fili ba.

Ma'aunin da likitoci suke amfani da shi mai sauƙi ne. Idan mutum ya yi mako biyu ko fiye, kusan kullum, yana cikin baƙin ciki, ko kuwa ba abin da yake ba shi sha'awa, har abin ya taɓa barcinsa da cin abincinsa da tunaninsa da aikinsa, yana ganin kansa ba shi da amfani, to wannan ya wuce gajiya. Ba kowa ne yake kuka ba. Namiji sau da yawa faɗa yake yi, ya tsani hayaniyar ƴaƴansa, ya daina zuwa fada. Wani kuma ba ya jin komai sam, kamar an kwashe kayan ɗaki an bar bango.

Abin ba na Turawa ba ne kamar yadda wasu ke faɗi. OMS ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya, wato miliyan 970, yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa. Daga ciki miliyan 280 ciwon damuwa ne, miliyan 301 kuma fargaba mai tsanani. A ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, fiye da kashi 75 cikin 100 na masu ciwon damuwa ba su samun wani magani. Ya fi kama mata, kuma a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar takan shiga irin wannan hali bayan haihuwa, lokacin da kowa yake kallon jariri ba mai kallon uwar.

Akwai alama ɗaya da ba a jira da ita. Idan mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko iyalinsa za su fi jin daɗi ba shi, ko ya fara rabon kayansa da sallamar mutane ba dalili, kada a ce wasa yake yi, kada kuma a rufe shi da faɗa. A tambaye shi kai tsaye, domin tambaya ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi likita a ranar.

Abin da ya sa ake shiru

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. An rene mu a kan haƙuri da kunya da rufin asiri, kuma waɗannan su ne suka riƙe gidaje da yawa. Sai dai haƙuri da ƙaddara daban, ƙin neman magani daban. Ba wanda yake ce wa mai tansiyo ya yi haƙuri kawai ya bar ƙwayarsa.

Akwai kuma tsoron suna. A Yamai sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa, wato Pavillon E, ya zama abin tsokana a bakin mutane. Ma'aikaci yana tsoron a ji ya je can a hana shi muƙami. Ɗan kasuwa yana tsoron a daina ba shi kaya bashi. Uba yana tsoron a ƙi auren ƴarsa. Sai a zagaya ta wurin malam da boka da ƴan bori, a kashe kuɗi da watanni, ba a zuwa asibiti sai abin ya kai ga ɗauri. Addu'a tana kwantar da rai, kuma ba ta gaba da magani. Malamin kirki shi ne wanda zai yi wa mutum addu'a ya kuma ce masa ya je likita ya gan shi.

Gaskiya ce kuma ma'aikatan ba su da yawa. Ƙididdigar OMS ta 2020 ta nuna cewa a Afirka ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa ba su kai biyu ga kowane mutum 100.000 ba, alhali matsakaicin duniya 13 ne. A Nijar ƙwararrun likitocin wannan fanni kaɗan ne, kuma a manyan birane suke.

Abin da wasu suka gwada

Ƙarancin likitoci bai hana Afirka neman dabara ba. A 1954 likita Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta a Nijeriya, inda masu jinya suke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani danginsu, suna zuwa asibiti da rana. A asibitin Fann na Dakar, Henri Collomb da abokan aikinsa sun shigo da dangi cikin jinya, suka kuma kafa taron tattaunawa irin na dandalin gari.

Misali mafi kusa da halinmu daga Zimbabuwe yake. A can mutane suna kiran wannan ciwo kufungisisa, ma'ana yawan tunani, kalmar da mu ma muke amfani da ita. Likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata ma'aikatan lafiya na unguwa, aka ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitocin Harare. Mai damuwa ya zo ya zauna har sau shida, a saurare shi, a taimake shi ya jera matsalolinsa, ya zaɓi ɗaya, ya nemi matakin da zai iya ɗauka a wannan mako. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna cewa bayan wata shida waɗanda suka zauna a bencin sun fi waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba samun sauƙi nesa ba kusa ba.

Mu ma muna da benci, sunansa ne daban. Akwai fada, akwai majalisar ƙofar gida, akwai adashi, akwai ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, har wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Abin da ya rage shi ne a samu a kowace ƙungiya mutum ɗaya ko biyu masu riƙe sirri, waɗanda suka san alamun ciwon, suka kuma san lokacin da za su ce wannan ya fi ƙarfinmu, mu tafi likita.

Abin yi

Wanda ya ga kansa a cikin wannan bayani ya fara da gidan likita mafi kusa. A auna masa jini da sukari, a duba ƙarancin jini da masassara da maƙoƙo, domin dukansu suna kawo kasala. Amma kada ya tsaya ga ciwon kai kaɗai. Ya faɗi maganar barci, da tunani, da rashin sha'awa, da tun yaushe abin ya fara. Likita ba ya duba, abin da aka faɗa masa da shi yake aiki. Idan an rubuta masa maganin damuwa, ya sani ba ya aiki rana ɗaya, yakan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi, kuma ana ci gaba da sha watanni bayan an warke. Ba a tsayar da shi sai da shawarar likita, ba a kuma sayensa a tire.

Na biyu, ya fito da lissafi daga kansa ya sa shi a takarda. Abin da ke shigowa, abin da ke fita, wa yake binsa, nawa. Bashi a cikin duhu ya fi girmansa. Ya je wurin mai bin sa tun kafin a zo masa, su yanka abin da zai iya biya kowane wata. Ya ware wa dangi rabo sananne, ya faɗa musu tun farkon wata, ya kira ƴan uwansa a raba nauyin tsofaffi, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗan kasuwa ya raba jari da kuɗin cefane, ya kuma koya wa yaro ɗaya amintacce riƙon rumfa, don ya samu yini guda a mako.

Na uku, ya karɓi hutunsa. Dokar aiki ta Nijar ta sa awa 40 a mako, kuma ma'aikaci yana da haƙƙin konje na kusan wata guda a shekara. Da yawa suna barin shi ya taru don tsoron kada wani ya hau kujerarsu. Kujerar dai wani zai hau ta ranar da aka kwantar da mai ita. Ya tsai da lokacin kwanciya, ya bar shayi da kofi bayan la'asar, ya kashe salula da dare, ya yi tafiyar ƙafa ta rabin awa da sanyin safiya. OMS tana ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Sa'an nan ya nemi mutum ɗaya, aboki ko ɗan uwa ko matarsa, ya faɗa masa gaskiyar abin da ke ransa.

Shugabannin ma'aikatu da iyayen gida na kasuwa su ma akwai nasu. Idan mutum uku sun karye a kujera ɗaya, to a duba kujerar. Raba aiki da adalci, biyan haƙƙi a kan lokaci, ba da hutu ba sai an yi roƙo ba, da cewa sannu da aiki, ba su buƙatar wani kasafi na musamman. A 2022 OMS da OIT sun ƙiyasta cewa duniya tana asarar kwanakin aiki biliyan 12 kowace shekara saboda damuwa da fargaba, saboda haka ko wanda riba kaɗai ta dame shi yana da dalilin kulawa. Ƙungiyoyin ƙwadago da suka daɗe suna fafutukar albashi ya kamata su sa wannan magana a cikin jerin buƙatunsu. Hukuma kuma tana da hanya a buɗe: tun 2008 OMS ta fito da wani shiri mai suna mhGAP don koya wa ma'aikatan jinya da likitocin gama-gari gane waɗannan larurori da yi musu magani. Idan majo na kowane CSI ya samu wannan horo, kuma magungunan suna cikin farmasinsa, mutumin Dakoro ko Tanut ba sai ya sayar da akuya ya tafi Yamai ba.

Saura mu, dangi da abokai da maƙwabta. Labarin zuciya a tambayi fuska. Wanda ya saba zuwa fada ya daina, wanda ya rame ba ciwo, mace mai fara'a da ta koma shiru bayan haihuwa, abokin aiki da ya fara kuskuren da bai saba ba, kada a jira sai ya zo da kansa, domin ciwon ne yake hana shi zuwa. A same shi shi kaɗai, a ce masa: “Malam, na ga kwana biyu ba ka yadda ka saba, me ke faruwa?” A yi shiru a saurara, ba wa'azi, ba kwatanta shi da wanda ya fi shi wahala. In ya ƙi magana yau, a koma jibi. In ya yarda ya ga likita, a raka shi, abin da ya faɗa kuma a bar shi a nan.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, ya kuma rufa mana asiri baki ɗaya.